Hurumin Wa? Yadda Ƙuri'u 534,541 Suka Tashi a Banza a Zamfara

  Shirin faɗakarwa na yau zai taɓo wata tambaya da ke ta da ƙura a kowace kakar zaɓe. Idan jami'in zaɓe ya ce a yi kaza, ko shugaban jam'iyya ya ce an riga an gama kaza, wa ya ba shi wannan hurumi? Kuma ina makomar ƙuri'ar talaka idan daga baya kotu ta ce ba huruminsa ba ne?

Ba sai an kai Bazamfare nesa ba kafin a nuna masa misali. Bayan ƙuri'ar ranar Asabar 9 ga Maris, 2019, an ayyana cewa Mukhtar Shehu Idris na jam'iyyar APC ya sami ƙuri'u 534,541 a zaɓen gwamna, Bello Muhammad Matawalle na PDP kuma ya sami 189,452. Tazarar ta haura ƙuri'a dubu 345. Amma ranar Juma'a 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta ce duk ƙuri'un da aka jefa wa APC a Zamfara asara ce, ko ɗaya ba ta da amfani a idon doka. Kotun ba ta kama wani mai zaɓe da laifi ba. Ɓarnar ta auku ne tun wata biyar kafin a buɗe rumfuna, lokacin da ake jayayya kan wanda ke da ikon shirya zaɓen fid da gwani.

Kafin a warware wannan labari, bari a leƙa Amurka kaɗan, domin can ma irin wannan gardama ta cika kotuna, sai dai tasu ta fi karkata ga zaɓe ta gidan waya. Nijeriya ba ta da wannan tsari. A nan dole mai zaɓe ya je rumfa da ƙafarsa da katinsa. A can kuwa ana aika wa mutum takardar ƙuri'a har gida, ya cike, ya rufe a ambulan, ya sa hannu, ya mayar. A 2020, shekarar annobar korona, sama da kashi 40 cikin 100 na masu zaɓen Amurka ta wannan hanya suka jefa ƙuri'a. Kuma da yake ba su da hukumar zaɓe guda ta ƙasa kamar INEC, jami'an jihohi da na gundumomi ne ke tafiyar da komai, kowa da yadda ya fahimci doka.

A gundumar Harris ta jihar Texas, inda birnin Houston yake, magatakardan gundumar, Chris Hollins, ya yi niyyar aika takardar neman zaɓe ta gidan waya ga duk masu rajista, mutum sama da miliyan 2, don rage cunkoso a lokacin annoba. Babban lauyan gwamnatin jihar ya kai shi ƙara. A watan Oktoba na 2020 Kotun Ƙolin Texas ta ce doka ba ta ba shi ikon aika takardar ga wanda bai nema ba, ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce. A jihar Wisconsin, hukumar zaɓen jihar ta rubuta wa magatakardan garuruwa cewa za su iya ajiye akwatuna a wurare daban-daban don mutane su riƙa jefa ambulan ɗinsu. A watan Yuli na 2022 kotun ƙolin jihar, alƙalai huɗu a kan uku, ta ce wasiƙar hukuma ba doka ba ce, akwatunan haramtattu ne. Shekara biyu bayan haka, bayan an sami sauyin alƙali guda, kotun ta juya hukuncin, shi ma huɗu a kan uku. Mai zaɓe bai canza komai ba a tsakanin, amma abin da ya halatta gare shi ya haramta, ya sake halatta.

To, a dawo gida. Zaɓe a Nijeriya yana tafiya ne bisa takardu masu daraja hawa-hawa. Kundin tsarin mulki na 1999 shi ne a sama. Ƙarƙashinsa akwai Dokar Zaɓe da Majalisar Tarayya ke yi. Ƙarƙashin wannan kuma sai ƙa'idoji da littafin jagora da INEC ke fitarwa kafin kowane zaɓe, sannan umarnin da jami'anta ke bayarwa a jiha da ƙaramar hukuma. Na ƙasa ba ya ture na sama. Dokar Zaɓe ta 2010, a sashe na 138, ta ma faɗi ƙarara cewa saɓa wa umarnin hukumar ko na jami'inta, muddin bai saɓa wa dokar kanta ba, bai isa shi kaɗai ya zama hujjar ƙalubalantar zaɓe ba. Dokar 2022 ta maimaita wannan a sashe na 134.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin shari'o'in da lauyoyin ƙasar nan suka fi kafa hujja da su kan wannan batu daga Zamfara ta fito. A zaɓen 2015 INEC, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta kawo na'urar tantance katin zaɓe, ta kuma umarci ma'aikatanta su yi aiki da ita a kowace rumfa. Tsohon gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi na PDP, da ya sha kaye a hannun Abdul'aziz Yari, ya bi shari'a har Kotun Ƙoli, yana ƙorafin aringizon ƙuri'u. A farkon 2016 kotun ta ce aikin na'urar shi ne tabbatar da cewa mai katin shi ne ya zo da shi, amma ba ta maye gurbin rajistar masu zaɓe da doka ta sani ba. Wanda ke zargin aringizo sai ya kawo rajistar da takardun sakamako, rumfa-rumfa. Na'urar tana cikin umarnin hukuma, ba ta cikin doka, don haka ba ta iya rushe zaɓe. Irin wannan hukunci aka yi a shari'ar Nyesom Wike ta jihar Ribas a shekarar.

Akwai wani ɓangare na shari'ar Shinkafi da ya kamata mai saurare ya riƙe. Ya kuma yi ƙorafi a kan yadda APC ta tsayar da Yari. Kotun ta ce wannan ba bakinsa ba ne, tunda shi ba ɗan jam'iyyar ba ne, bai kuma shiga zaɓen fid da gwaninta ba. Sai ɗan gida ke da bakin magana. Shekara uku bayan haka, ɗan gidan ya yi magana.

A jadawalin INEC, ranar 7 ga Oktoba, 2018, ita ce ranar ƙarshe ta kammala zaɓen fid da gwani. APC a Zamfara ta shiga watan a rabe gida biyu. Gwamna Yari, wanda wa'adinsa ke ƙarewa, yana goyon bayan kwamishinansa na kuɗi, Mukhtar Shehu Idris. A ɗaya ɓangaren akwai masu neman takara takwas da aka fi sani da G8, cikinsu har da Sanata Kabiru Garba Marafa, ɗan yankin Tsafe mai wakiltar Zamfara ta Tsakiya a lokacin, da mataimakin gwamna Malam Ibrahim Wakkala, da ministan tsaro Mansur Ɗan-Ali, da Aminu Sani Jaji, da Dauda Lawal, da shi kansa Mahmud Shinkafi wanda ya riga ya koma APC. Uwar jam'iyya, ƙarƙashin Adams Oshiomhole, ta aiko da kwamiti daga Abuja. An fara zaɓe ranar 3 ga wata, rikici ya ɓarke, kwamitin ya soke. Aka aiko da wani kwamitin, shi ma wa'adi ya cim masa bai kammala ba. Ɓangaren gwamna ya ce shugabannin jam'iyya na jiha sun gudanar da zaɓe kuma ga sunayen waɗanda suka ci. Uwar jam'iyya ta ce an yi sasanci. G8 suka ce ba a yi zaɓe ba, ba a kuma yi sasanci ba.

Ranar 9 ga Oktoba INEC ta rubuta wa APC wasiƙa: bisa rahoton ma'aikatanta na Gusau, ba a yi zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, saboda haka ba ta sa ran karɓar sunan ɗan takara ko ɗaya, daga gwamna har ɗan majalisar jiha.

Daga nan aka shiga zaryar kotu. Ranar 25 ga Janairu, 2019, kotuna biyu suka yanke hukunci biyu masu karo da juna a yini ɗaya. Babbar Kotun Jiha da ke Gusau, ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Bello Shinkafi, ta ce an yi zaɓen fid da gwani, INEC ta karɓi sunaye. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Ijeoma Ojukwu, ta ce INEC ta yi daidai da ta ƙi karɓa. Hukumar ta tsaya a kan bakanta har zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Abuja ta jingine hukuncin kotun tarayya. Hukuncin Gusau kaɗai ya rage a tsaye, INEC ta bi shi, ta mayar da APC cikin takara ana gab da zaɓen 23 ga Fabrairu. Jama'a suka fita suka yi layi, a Mada da Wonaka, a Bilbis da Yankuzo, a Kwatarkwashi da Nahuce, suka dangwala wa tsintsiyar APC ko lemar PDP, kowa da zaɓinsa. APC ta lashe komai.

Ranar 25 ga Maris, bayan an gama zaɓe an yi murna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ta karɓi ƙarar da Marafa da mutanensa suka ɗaukaka, ta rushe hukuncin Gusau, tana cewa ba a kawo gamsasshiyar shaida cewa an yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. INEC ta dakatar da ba zaɓaɓɓen gwamna da 'yan majalisar jiha takardar shaidar cin zaɓe. Sai 24 ga Mayu, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli ƙarƙashin muƙaddashin Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad, a hukuncin da Mai Shari'a Paul Galumje ya karanta, suka tabbatar da hukuncin Sakkwato baki ɗaya. Jam'iyyar da ba ta da halastaccen ɗan takara ba za a ce ta ci zaɓe ba. Aka ce wanda ya zo na biyu, matuƙar ya cika sharuɗɗa, shi ne zaɓaɓɓe, aka kuma ci ɓangaren APC da ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli tarar naira miliyan 10.

Wannan matsayi ba sabo ba ne. Tun 2012, a shari'ar Emenike da PDP daga jihar Abiya, Kotun Ƙoli ta ce shirya zaɓen fid da gwani na gwamna hurumin uwar jam'iyya ta ƙasa ne, ba na shugabannin jiha ba. Lamarin kamar ɗaurin aure ne: a tara jama'a, a raba goro, a kai amarya, amma idan wanda ya bayar da auren ba waliyyi ba ne, ba wakilinsa ba ne, yawan 'yan biki ba ya gyara shi.

Washegari shugaban INEC, Farfesa Mahmood Yakubu, ya karanta sabon jerin sunaye. Kujerar gwamna da mataimaki, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, da 'yan majalisar jiha 24, duk suka bar hannun APC. PDP ta kwashe, ban da kujerar Maru ta Kudu da ta faɗa hannun jam'iyyar NRM. A Zamfara ta Tsakiya, wadda ta haɗa Gusau da Tsafe da Bungudu da Maru, Ikra Aliyu Bilbis da aka ayyana tun farko ya ga ta leƙo ta koma, Hassan Muhammad Nasiha ya tafi Majalisar Dattawa. Kabiru Amadu Mai Palace ya sami kujerar Gusau da Tsafe a Majalisar Wakilai. Yari kansa ya rasa kujerar sanatan Zamfara ta Yamma. Shi ma Marafa da ya ci shari'ar bai sami kujera ba. An sake komawa Kotun Ƙoli ana roƙon ta duba hukuncinta, a watan Maris na 2020 ta ƙi.

Har gobe ana muhawara a majalisun hira kan ko an yi wa masu zaɓe adalci. Masu cewa an yi daidai suna da hujja mai ƙarfi: INEC ta yi gargaɗi tun Oktoba, jam'iyyar ta san haɗarin, kuma da an bar ta ta ci riba, babu gwamnan da zai ƙara damuwa da ƙa'idar fid da gwani. Masu cewa da sake zaɓe aka yi su ma ba shirme suke ba. Matar da ta baro ƙauye ta wuni a layi ba ta san abin da aka rubuta a wasiƙar 9 ga Oktoba ba. Ta ga alamar jam'iyya a takardar da hukuma ta buga, ta ɗauka komai daidai ne. A ganin wannan shiri, babban aibin shi ne lokaci. Gardamar da ya kamata ta mutu kafin a buga takardar ƙuri'a an bar ta da rai har bayan an ƙirga, kuma mafi yawan alhakin yana wuyan 'yan siyasar da suka gwammace kowa ya rasa da ɗaya ya sassauta. Abin ban mamaki, a watan Yuni na 2021 gwamnan da hukuncin ya ɗora a kujera ya sauya sheƙa zuwa APC ɗin.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ta toshe wasu daga cikin waɗannan kafafe. Ta wajabta wa jam'iyyu miƙa sunayen 'yan takara kwana 180 kafin zaɓe, maimakon 60 na da, domin shari'a ta sami lokacin ƙarewa. Ta mayar da ƙarar fid da gwani hannun Babbar Kotun Tarayya, don kada a sake ganin kotun jiha da ta tarayya suna jan igiya ɗaya. Ta ce jam'iyyar da ba ta sanar da INEC taronta kwana 21 kafin a yi ba, taron ya ɓaci. Ta kuma ɗauko na'urar tantancewa daga littafin jagora ta sa ta cikin doka, wanda shi ne gyaran ɓarakar da shari'ar Shinkafi ta nuna.

Duk da haka gardamar ba ta ƙare ba, wuri kawai ta canza. A 2023 INEC ta yi alkawarin ɗora hoton sakamakon kowace rumfa a shafinta na intanet mai suna IReV, kai tsaye daga na'urar tantancewa ta BVAS. Da abin ya gaza a zaɓen shugaban ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce a watan Oktoba na shekarar shafin ba wurin tattara sakamako ba ne, rashin ɗorawa kuma bai soke zaɓe. Zamfara ma ta ɗanɗana. A zaɓen gwamna na shekarar, an ayyana Dauda Lawal da ƙuri'u 377,726, Matawalle da 311,976. Ranar 16 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen bai kammalu ba, a sake a Maradun da wasu sassan Birnin Magaji da Bukkuyum. Ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe wannan, ta tabbatar da Dauda Lawal.

Misali mafi tsirara na jami'in da ya wuce gona da iri kuwa a Yola ya faru. Ranar 16 ga Afrilu, 2023, ana tsakar tattara sakamakon zaɓen cike gibi na gwamnan Adamawa, Kwamishinan Zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya zauna gaban 'yan jarida ya ce Sanata Aishatu Binani ta ci. Shi ne babban jami'in INEC a jihar, amma bayyana wanda ya ci aikin baturen zaɓe ne, ba nasa ba. Hedikwatar hukumar ta soke sanarwar a ranar, ta ce ya kauce wa ofis, daga baya ta shigar da ƙara a kansa. Kwana biyu bayan haka baturen zaɓe, Farfesa Mohammed Mele, ya ayyana Ahmadu Fintiri.

Ga mai saurare a Tsafe ko Bungudu, wannan magana tana da fuska ta kusa. Matsalar 'yan bindiga ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu, wasu suna zaune a Gusau, wasu a hedikwatar ƙaramar hukuma, rumfunansu kuwa suna can baya. A irin wannan hali jita-jita ke yawa: an ce an mayar da akwatin ƙauye kaza makarantar firamare kaza, an ce a tattara katuna a kai wa wane zai yi wa mutane, an ce an ɗage zaɓen mazaɓa kaza. Kafa rumfa, ko sauya mata wuri, ko ɗage zaɓe, hurumin INEC ne. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da shi, kansila ba shi da shi, haka hakimi da dagaci, duk da girman da suke da shi wajen isar da saƙo. Dokar 2022 ta ɗora wa hukumar alhakin ta yi iya ƙoƙarinta kada 'yan gudun hijira su rasa damar zaɓe, kuma tun 2015 take da tsarin hakan, wanda ta fara a Borno da Yobe da Adamawa. Wanda ya sauya wurin zama yana da damar neman a mayar da rajistarsa inda yake, amma akwai wa'adi. Dokar 2022 ta sa kwana 90 kafin zaɓe. Kati kuwa ba a ba kowa ajiyarsa, domin ba a yi wa wani zaɓe a Nijeriya.

A lura kuma, zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi 14 da kansiloli 147 na Zamfara ba na INEC ba ne, na hukumar zaɓen jiha ne, ZASIEC. Sanarwar ɗaya ba ta hawa kan zaɓen ɗayar.

A rumfa, shugaban rumfa shi ke ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, ya rubuta a takardar EC8A, ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa nasu su karɓi kwafi. Iyakarsa ke nan. Jami'in mazaɓa yana tattara na rumfuna, na ƙaramar hukuma ya tattara na mazaɓu, baturen zaɓe kaɗai ke cewa wane ya ci. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp da daddare yana cewa an gama, ko da muryar babban mutum ce, ba ya cikin wannan jeri.

'Yan jam'iyya kuma, na kowace jam'iyya, lokacin yin tambaya shi ne ranar fid da gwani. Kwamitin da ke rarraba takardu, uwar jam'iyya ce ta aiko shi ko wani ne ya naɗa shi a gidansa? An sanar da INEC a kan lokaci? Ma'aikatanta suna wurin suna kallo? Idan an ce sasanci aka yi, sauran masu neman takara sun amince a rubuce, kamar yadda dokar 2022 ta shar'anta? Wanda ya ga an saɓa, kuma yana cikin masu takara, kwana 14 tsarin mulki ya ba shi ya shigar da ƙara.

Jama'a masu saurare, INEC tana da ofis a Gusau, tana da shi a Tsafe, tana da shi a Bungudu, kamar sauran ƙananan hukumomi. Duk sanarwar da ta shafi rumfarku, ko katinku, ko ranar zaɓe, ku je can ku tambayi jami'in zaɓe, ku nemi a nuna muku a rubuce, tun kafin ranar ta zo.